In Soket Ya Mutu A Ɗakin Girki

Wanda duk ya san Abuja ya san unguwar Wuse. Tana cikin unguwannin farko da aka yanka bayan an kafa sabon babban birni cikin 1976, aka kasa ta shiyya bakwai, ban da wadda a ke kira Wuse ta Biyu. Gidaje da yawa na shiyyoyin nan cikin shekarun 1980 aka gina su domin ma'aikatan Gwamnati, tun hedkwata ba ta taso daga Ikko ba, gama sai ran 12 ga Disamba 1991 ta taso. Daga 2005 Gwamnati ta shiga sayar da gidajen. Kowa ya sami nasa sai ya kama gyara, wannan ya ƙara ɗaki, wancan ya sake rufi, wani ma ya mai da nasa ofis. Amma wayoyin da ke binne cikin bango ba kowa ya tuna da su ba. Wanda ya ja wayar ɗakin girki a wancan zamani, firiji guda da butar shayi ya sa a ransa. Yau kuwa ga firiji, ga rishon lantarki, ga injin markaɗe, ga na'urar ɗumama abinci, duk a kan wayar da ta yi wajen shekara arba'in.

Saboda haka abin da za mu duba yau ba baƙo ba ne a can, ba kuwa baƙo ba ne a gidajenmu. Uwargida ta kunna buta, shiru. Firiji ya yi tsit. Alhali kuwa fitilar falo tana ci, fanka tana juyawa. Sai a ce soket ya mutu. Gaskiyar magana, ba safai soket ke mutuwa don kansa ba. Wani abu ne ya yanke masa hanya, sau da yawa kuma abin nan da gangan aka ajiye shi don ya yanke, kada a yi gobara ko a rasa rai. Aikin mai hankali shi ne ya bi sawu ya gano abin da ya yanke, da dalilinsa, kāna ya mai da wuta. Ku da za ku fita koyarwa lalle ne ku san wannan, don yaro ya kan kawo wa malaminsa tambayar abin da ya gani a gida.

Da fari sai mu san wayoyi uku. Wutar lantarki ba ta tafiya sai ta ga hanyar komowa inda ta fito. Waya ɗaya ke kawo ta, da ƙarfin turi bolt 230 a ƙasar nan, ita ce ja, ko mai ruwan ƙasa a cikin igiyar kayan aiki. Ta biyu ke mai da ita, ita ce baƙa, ko shuɗiya. Ta uku koriya ce, ko kore da rawaya, ana ce da ita wayar ƙasa. Wannan ba ta ɗaukar kome muddin ana lafiya. Kanta ɗaya yana haɗe da jikin ƙarfen firiji ko buta, ɗayan kuwa ya tafi har ga wata sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa a gefen gida.

Soket ɗinmu mai baki uku irin na Ingila ne, cikin 1947 aka fito da shi. In ka fuskance shi, bakin sama na wayar ƙasa ne, na dama mai wuta, na hagu na komowa. Ku dubi fulogi da kyau, za ku ga ƙafarsa ta sama ta fi sauran tsawo. Da dalili. Ita ke fara shiga, ita ke fita daga baya, ita ce kuma ke buɗe 'yan ƙyamaren da su ka rufe bakuna biyu na ƙasa don kada yaro ya zura ƙusa. Mutumin da ke cusa murfin biro a bakin sama don ya tura fulogi mai ƙafa biyu, ko ma tsirarar waya, ya buɗe ƙofar da aka rufe dominsa da 'ya'yansa. A cikin fulogi kuma akwai ɗan fis, mafi girmansa amfiya 13, watau ba ya ɗaukar abin da ya wuce wajen wat 3,000.

To, yanzu bin sawu. Fara da abin da ya fi kusa. Zare butar, ka sa wani abin da ka tabbata yana aiki, kamar fitilar tebur. In ta kama, soket lafiya lau ya ke, laifin yana ga butar ko fis ɗinta. Sake fis da wani daidai lambarsa. In sabon ma ya ƙone nan take, butar ce ba ta da lafiya, a kai ta gyara. Masu naɗe mataccen fis da takardar gwangwani ko zaren waya sun kori mai gadi ke nan sun bar ƙofa buɗe.

In fitilar ba ta kama ba, gwada sauran soket na ɗakin, sa'an nan ka tambayi kanka wace wuta ce a gidan a wannan sa'a. Wannan tambaya ta zamaninmu ce. Gida ɗaya yana da wutar kamfani, da janareta, wani har da batura masu cin hasken rana. Wanda ya haɗa baturan ya kan bar soket ɗin ɗakin girki waje da gangan, don risho zai shanye su cikin ɗan lokaci. In an ɗauke wuta, falo na haske, ɗakin girki duhu, ba kuwa abin da ya lalace. Har wa yau gidaje da yawa layi uku ke shigo musu daga turke, an raba ɗakuna a kansu. Layi ɗaya ya kan faɗi, biyu su tsaya. Tambayi maƙwabta. In su ma sashen gidansu ya mutu, maganar ta kamfanin rarraba wuta ce, watau AEDC, wanda ya karɓi Abuja da jihohin Neja, Kogi da Nasarawa cikin Nuwamba 2013. A sanar da su. Turke ba wurin hawan maigida ba ne.

In duk wannan ba shi ne ba, sai akwatin raba wuta. Buɗe murfinsa na waje kaɗai, da busasshen hannu, da takalmi a ƙafa. Za ka ga bireka a jere, ka nemi wanda ya faɗi. A nan ne ya kamata a natsu, gama masu gadi iri biyu ne a cikin akwatin, kowa da abin da ya ke tsaro, mutane kuwa suna ɗaukarsu abu ɗaya.

Na farko shi ne siririn bireka mai lamba, 20 ko 32 ga layin soket. Waya ya ke tsaro. In kaya sun yi mata yawa sai ta yi zafi, shi kuwa ya faɗi kafin robarta ta narke. Lissafinsa ba wuya: raba wat da bolt, ka sami amfiya. Buta mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9. Risho mai kai biyu, wat 2,500, kusan 11. Na'urar ɗumama abinci mai wat 1,200, biyar da 'yan kai. In wani ya zo da dutsen guga mai wat 1,200 ya ƙara, an kai 30 ke nan. Bireka mai 20 zai yi haƙuri na ɗan lokaci, sa'an nan ya faɗi. Maganinsa a rage kaya, a ta da shi. Amma in ka ta da shi ya faɗi nan take da ƙara, to ja da baƙa sun taɓa juna a wani wuri, kada ka sake gwadawa. Wani mai gyara zai ce bari ya sa maka babba mai 40, ka huta. Kada ka yarda. Wayar da ke cikin bango ba ta ƙara kauri ba don an sake bireka.

Na biyu ya fi faɗi, yana da ɗan maɓalli na gwaji, a jikinsa an rubuta RCD ko RCCB, da 30mA. Masu aiki da yawa ELCB su ke ce masa. Mu kira shi mai gadin yoyo. Shi mutum ya ke tsaro. Ku tuna da makiyayi a bakin garke: tumaki ɗari sun fita da safe, lalle ɗari su komo da yamma. In casa'in da tara su ka komo, ɗaya ta bi wata hanya. Haka na'urar nan ta ke. Wayar zuwa da ta komowa duka sun ratsa ta cikin zoben ƙarfe guda. Muddin abin da ya tafi shi ne ya komo, maganaɗisun da wannan ta yi sai waccan ta kashe shi. Da an sami giɓi, ko na miliamfiya 30 ne, watau kashi 30 cikin 1,000 na amfiya guda, sai ta yanke wuta kafin sulusin daƙiƙa. In yoyon babba ne, cikin kashi 4 na 100 na daƙiƙa ta yanke.

A nahiyarmu aka fara sa irin wannan cikin gidaje da yawa. Wani injiniya, Henri Rubin, a Afirka ta Kudu, ya ƙera shi cikin 1955 domin ramukan haƙar zinariya. Da wuta ta kashe wata mata a gida a ƙauyen ma'aikatan Stilfontein, sai aka bi gidajen ƙauyen aka sa musu mai saurin ji, cikin 1957 da 1958. A Amurka kuma Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya ya fito da nasa cikin 1961, daga 1987 ƙa'idarsu ta ce a sa shi ga soket ɗin da ke kusa da wurin wanke-wanke a ɗakin girki. Nasu ya kan zauna cikin soket ɗin kansa, da maɓalli biyu a fuskarsa, in ya faɗi sai soket ɗin da ke bayansa duka su mutu. Na faɗi wannan ne don wanda ya karanta shawarar mutanen can kada ya ɓata lokaci yana neman maɓalli a jikin soket ɗin Wuse. Namu yana cikin akwati, in akwai shi.

Na ce in akwai shi, don tsofaffin gidaje da yawa ba su da shi. Maigida ya ce ai yana da sandar ƙasa, ta isa. To, bari mu yi lissafi mu gani. A ce robar jar waya ta goge cikin firiji, waya ta taɓa jikin ƙarfe. Wuta za ta bi koriyar waya zuwa sanda, ta shiga ƙasa, ta ratsa ta koma taransifoma. Ƙasa kuwa ba tagulla ba ce, tana tauye wuta, ana auna wannan tauyewa da om. A ce hanyar nan duka om 50 ce. Raba 230 da 50, ka sami amfiya 4.6. Fis mai 13 bai ma san ana yi ba, balle bireka mai 20. Firiji na ta aikinsa, ruwa na sanyi, jikinsa kuwa ɗauke da wuta dare da rana.

Sai yarinya ta gama wanke-wanke, ƙafa ba takalmi, daɓe a jiƙe, ta kama hannun firiji. Jikin mutum in ya jiƙe bai fi wajen om 1,000 ba. In bolt 230 ya same shi, miliamfiya 230 ke nan za ta ratsa shi. Mutum ya kan fara jin tsikari tun daga miliamfiya 1. Daga wajen 10 zuwa 15 hannu ya kan ƙanƙame ya kasa saki, shi ne abin da mu ke cewa wuta ta riƙe shi. Daga wajen 50 zuwa sama zuciya na iya rikicewa ta daina tura jini. Kun ga abin da bai isa ya ƙona ƙaramin fis ba ya isa ya kashe mutum sau da yawa. Allah ya kiyaye.

Ashe sanda da mai gadin yoyo ba a raba su. In akwai sanda babu mai gadi, wuta ta yi ta yoyo ba mai yanke ta. In akwai mai gadi babu wayar ƙasa, wutar ba ta da hanyar fita, sai ta zauna a jikin firiji tana jiran wanda zai taɓa, sai ta bi ta jikinsa sa'an nan na'urar ta ji ta yanke. Yawanci za ta cece shi, amma ya sha ja. In duka biyu suna nan, ran da waya ta goge, a wannan daƙiƙa wuta za ta yanke, ba wanda ya taɓa kome. Sai uwargida ta ce soket ya mutu, ba ta san abin da aka kau mata ba.

Ƙasar Abuja kuma tana da nata hali. Wanda ya dubi Dutsen Aso da Dutsen Zuma ya san abin da ke ƙarƙashin jar ƙasar nan, a wurare da yawa fā ba ta da nisa. Dutse da busasshiyar ƙasa ba su son wuce da wuta. Sandar da aka auna cikin Agusta aka ga ta yi kyau, tana iya zama ba ta da amfani sosai cikin Fabrairu, bayan hunturu ya tsotse laima. Masu aiki su kan zuba gawayi da gishiri a ramin don su riƙe damshi. Yana taimako da fari, amma ruwa na wanke gishiri, gishiri kuma na cin ƙarfe. Ga kuma masu gyaran gida da su ka malale tsakar gida da siminti, wani lokaci lebura ya datse koriyar waya da diga bai ko sani ba. Damina ita ma da tata: laima ta shiga soket ɗin da ke bayan wurin wanke-wanke, ko na waje, mai gadi ya yi ta faɗuwa.

In mai gadin yoyo ne ya faɗi, ga yadda a ke kama mai laifi. Zare kowane fulogi na layin. Zarewa na ce, kashe makunnin soket bai isa ba, gama makunnai da yawa jar waya kaɗai su ke yankewa, yoyo kuwa na iya kasancewa ta wajen baƙa. Sa'an nan ka ta da shi. In ya tsaya, mai da kayan ɗaya bayan ɗaya, kana kunna kowane kana ba shi 'yan mintoci, don wani ba ya yoyo sai ya yi zafi. Wanda ka sa wuta ta yanke, shi ne. A ɗakin girki waɗanda aka fi kamawa su ne hitar dafa ruwa wadda ƙarfenta ya tsage, da rishon da miya ta sha zuba a ciki, da tsohon firiji, da igiyar da ɓera ya gaigaye. In kuwa babu kome a jone amma ya ƙi tsayawa, ciwon yana cikin bango. Nan aikin maigida ya ƙare.

Saura hali guda. Wuta na nan, ba abin da ya faɗi cikin akwati, soket kuwa a mace. Wannan galibi sukurun da ya riƙe waya ne ya saki. Wurin da haɗi ya yi sako-sako ya kan yi zafi, zafi ya ƙara sassauta shi, har waya ta ƙone ta rabu. Alamarsa fuskar soket ta yi baƙi-baƙi, ko warin ƙonanniyar roba, ko ƙara kamar ana suya. Da ya ke a kan ja waya daga wannan soket zuwa wancan, wanda ya ƙone zai iya kashe na gaba da shi, har ka ga mataccen yana nan, ciwon kuwa yana bayan firiji inda ba a dubawa. In tasta ta kama a bakin dama da na hagu duka, yawanci baƙar waya ce ta tsinke. Kome a mace, amma wuta na nan cikinsa sarai, wannan ya fi kowane yaudara. Kashe birekan layin ka bar shi a kashe. In kuma ka ga fitilun wani ɗaki sun yi haske fiye da kima, na wani sun dushe, wayar komowa ta gidan duka ce ta saki, bolt na iya hawa har kusan 400. Kashe babban makunni maza, kafin kaya su ƙone.

Wajen kiran mai gyara, a nemi wanda ke da takardar shaida. Hukumar NEMSA, wadda doka ta kafa cikin 2015, ita ke ba masu aikin wayarin shaida, ita ke kuma duba aikin lantarki. Ƙwararre ya kan zo da ma'auni, ya auna sandar ƙasa ya gaya maka om nawa ce, ya auna ko koriyar waya ta kai kowane soket, gama a kan buɗe soket a tarar an yanke ta an cusa baya. Wanda ya zo da tasta kaɗai ya ce zai tsallake mai gadin yoyo don yana damunku, a sallame shi. Haka wanda zai haɗa bakin ƙasa da baƙar waya a bayan soket, don ran da baƙar ta tsinke jikin kowane ƙarfe zai ɗauki wuta. Haka wanda zai ɗaura wayar ƙasa ga bututun ruwa, alhali bututun yanzu na roba ne. Maɓallin gwaji kuwa aikinka ne, a danna shi aƙalla sau ɗaya cikin wata shida. In wuta ta yanke, na'urar na da rai. Amma fa kanta kaɗai ta gwada, ba ta ce kome game da sanda ba.

In wuta ta riƙe mutum, kada a kama shi da hannu. A kashe babban makunni, in ya yi nisa a ture shi da busasshiyar muciya ko taɓarya. In ba ya numfashi a shiga danna ƙirjinsa, a aika neman taimako, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo ya ce ba kome.

Mai zuwa gwajin koyarwa zai iya ɗaukar tsohon fulogi, wanda ba ya jone da kome, ya kwance shi gaban aji, yara su ga fis da wayoyi uku da idonsu, su auna ƙafafun da rula. Ga kuma lissafi ga 'yan ajin farko. Wani gida a Shiyya ta 4 sandarsa om 40 ce da damina, da rani ta koma om 200. Waya ta taɓa jikin firiji. Amfiya nawa za ta bi ƙasa a kowane lokaci? A cikinsu akwai wadda za ta ƙona fis mai 13? Akwai wadda mai gadin yoyo na miliamfiya 30 ba zai ji ba? Wanda ya gama ya miƙa wa malaminsa na kimiyya, da aikinsa a rubuce.